Man Gyaɗa, Man Sarƙa Ko Baƙin Man Juye: Me Ake Ɗura Wa Injin Yankan Itace?

Kayan aikin mai injin yankan itace ba su da yawa: injin da kansa, jarkar fetur, magagari na wasa haƙoran sarƙa, sifana, sai wata gorar roba da ta yi baƙi ƙirin ciki da waje. Su ake ɗaurewa a bayan babur a Jega ko Aliero ko Maiyama a jihar Kebbi idan wani ya aiko a zo a rage masa dogon yaron da ya danne katanga, ko a tsaga masa gungume a gona wajen Sabiyal. Mai bishiya zai ja ciniki a kan kuɗin aiki, zai tambayi lita nawa ta fetur za a ƙona, amma da wuya ya tambayi abin da ke cikin gorar nan. Alhali kuwa abin da ke cikinta shi za a bar masa a gona bayan an kwashe itacen.

Injin yana shan mai iri biyu, kowanne da murfinsa. Na farko shi ne wanda ake gaurayawa da fetur, yadda ake yi wa ƙaramin janareta. Kamfanin Stihl ya ƙayyade kashi 1 na mai a kashi 50 na fetur idan da nasa man aka yi, wato mililita 100 a lita 5. Wannan tare da fetur yake ƙonewa ya fita ta salansa, kuma babu gardama a kansa. Gara ma a faɗa tun yanzu: wanda ya zuba man girki a tankin fetur zai tara danƙo a zoben fistan, ba da jimawa ba injin ya koma hannun bakanike.

Na biyun shi ne abin magana. Sarƙar tana zagaya wani dogon allon ƙarfe mai kwari a gefensa, tana gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kusan kilomita 72 a awa, ƙarfe yana gugar ƙarfe, ga garin katako ga ƙura. Wani ɗan famfo ne ke tura mai ta wani ƙaramin rami zuwa cikin kwarin, sarƙa ta ɗauka ta zagaya da shi. Man da ke cikin injin mota zagayawa yake yi ya koma tukunyarsa har ranar juye. Wannan ba ya komawa. Wani ya fantsama daga bakin allo ya sauka a ƙasa, wani ya bi garin katako, wani ya shafu a jikin itacen, wani ya zama feshi a iska, saura ya tsaya a wando da hannun afareta. Haka aka ƙera injin, ba lalacewa ba ce.

Lissafin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Ƙananan injunan Sin masu ƙarfin sisi 52 da suka cika kasuwanni suna ɗaukar fetur mililita 550 da man sarƙa mililita 260, kuma an daidaita su yadda duk cikon fetur sai an ƙara mai. A ce afareta ya cika tanki sau 8 a yini. Ya watsa kusan lita 2 ke nan. In ya yi aikin kwana 100 a rani, ya zubar da abin da ya kai duro guda a gonaki da lambuna da bakin gidajen mutane, ɗigo-ɗigo, ba wanda ya lura.

Wannan lissafin ne ya tayar da zancen a ƙasashen da aka ƙirƙiro injin. Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a Jamus a 1926, Emil Lerp na Dolmar ya fito da mai amfani da fetur a 1927, Joseph Cox kuma ya kawo samfurin haƙoran sarƙar da ake amfani da su yau a jihar Oregon ta Amurka a 1947. Da injunan suka yi yawa a dazuzzukan Turai, inda garuruwa da dama ke samun ruwan sha daga ƙarƙashin daji, sai aka fara tambayar ina man yake tafiya. Daga ƙarshen shekarun 1980 Jamus ta soma bai wa man sarƙa mai ruɓewa tambarinta na kayan da ba sa cutar da muhalli, Ostiriya kuma ta hana man sarƙa na fetur tun farkon shekarun 1990. A 1998 hukumar gandun daji ta Amurka ta fitar da ɗan rahoto ga ma'aikatanta a kan shafa wa sarƙa man tsirrai. Ma'aunin da ake bi shi ne na ƙungiyar OECD: a ce mai yana saurin ruɓewa idan ƙwayoyin halitta suka cinye kashi 60 cikin 100 nasa a kwana 28. Man tsirrai yana tsallake wannan gwaji, man da aka tace daga ɗanyen fetur galibi ba ya tsallakewa.

Sai dai abin da Bature ke kira man tsirrai na sarƙa ba kwalbar kicin ba ce. Yawanci man kanola ne, wani tsiro mai rawayan fure dangin kabeji, an ƙara masa sinadarin danƙo da na hana lalacewa. BioPlus na Stihl irinsa ne. Shi ma man sarƙa na asali ba komai ba ne illa man fetur tatacce mai kauri da aka zuba wa danƙo. Wanda ya ɗiga shi tsakanin babban yatsa da manuni ya buɗe zai ga zare-zare suna miƙewa. Zaren nan ne ke hana shi tashi daga sarƙa sa'ad da ta karya kwana a bakin allo, har ya kai ƙasan allon inda ake ainihin yankan.

To, man gyaɗa tsantsa fa, irin wanda mata ke tatsa a gida su sayar da ƙuli-ƙulinsa? Yana aiki, kuma ya fi yadda makanikai da yawa ke zato. Ƙwayoyin man tsirrai suna da gefe guda da ke manne wa ƙarfe, don haka ko ya yi tsarara yakan bar shafi a kan allo. Ba ya saurin kama wuta, sai zafi ya haura digiri 300, sama da man fetur tatacce. Kuma zafi ba ya tsinka shi kamar yadda yake tsinka na fetur. A digiri 40 kaurin man gyaɗa yana wajen 40 a ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, yayin da man sarƙa na kanti ke kaiwa 100 ko fiye. Amma in an kai digiri 100, na gyaɗar yana wajen 8, mai 100 ɗin nan ya sauko wajen 11. Wato a inda ƙarfe ya yi zafi ana aiki, tazarar ba ta kai yadda ido ke gani a cikin kwalba ba.

Ga ɗan Nijeriya ma wannan ba baƙon labari ba ne. A ƙarni na 19, kafin man fetur ya yi ƙarfi, manjan da ake lodi daga Bonny da Kalaba yana cikin abin da ake shafa wa injunan masana'antu da ƙafafun jiragen ƙasa na Ingila, har Turawa suka raɗa wa yankin suna Kogunan Mai, suka kafa mulkinsu a can da wannan suna a 1885. A baje kolin Paris na 1900 kuma an tayar da injin dizal da man gyaɗa.

Raunin man girki yana bayyana ne idan an ajiye injin. Duk wanda ya duba bayan kaskon mai tuyar ƙosai ya ga wannan baƙin danƙon da ya bushe ya ƙi fita ko da toka da soso. Abin da iska da zafi ke mayar da man tsirrai ke nan, kuma shi yake faruwa a cikin famfo da kwarin allo da gaɓoɓin sarƙa idan aka jingine injin wata biyu ko uku. Afareta ya dawo bayan damina ya tarar da sarƙa ta sandare, famfo ya ƙi tura mai. Littafin Stihl da kansa ya yi gargaɗi cewa man tsirran da ba ya jure ajiya yana rikiɗa ya zama ƙaro har ya maƙale famfo. Mayukan ba ɗaya suke ba a wannan hali. Akwai ma'aunin aidin da ke nuna saurin da mai ke yi wajen bushewa: na waken suya yana wajen 130, na gyaɗa bai cika wuce 100 ba, manja kuwa ɗan sama da 50. Ke nan na waken suya ya fi saurin danƙarewa, na gyaɗa yana tsakiya. Manja yana jure iska, amma shi sanyi ne maƙiyinsa. Da asubar hunturu sai a tarar ya yi barci a tanki, a tayar da inji sarƙa ta yi ta gudu a bushe kafin ya farka. Haka ma farin man jarka da ake sayarwa da sunan man gyaɗa, wanda da yawansa tataccen manja ne.

Akwai kuma ɓera da tururuwa. Injin da ke ƙamshin man gyaɗa aka ajiye shi a shago ko zaure, ɓera na iya cinye murfin roba da bututun mai kafin a ankara.

Yanayin Kebbi yana sauya nauyin waɗannan hujjoji. Babban koken Bature a kan man tsirrai shi ne daskarewa a ƙanƙara, abin da ba ruwan mutumin Sabiyal da shi in dai gyaɗa ce ta gaskiya. Matsalar nan zafi ce. A watan Afrilu da Mayu rana tana haura digiri 40, man da ba shi da danƙo ya tsinke ya riƙa fantsama tun kafin ya zagayo ƙasan allo, tanki ya ƙare da wuri. A ƙaramin inji mai gajeren allo ana sassabe rassan mangwaro, wannan ba wani abu ba ne, a dai riƙa duba tanki. A babban inji kuwa, irin Stihl 070 mai sisi 106 da kwaikwayonsa na Sin, wanda shi ne dokin masu tsaga katako a Afirka ta Yamma, labarin daban ne. Allon yana iya kaiwa inci 36, ana tsaga gungumen maɗaci ko marke a tsawonsa, allon yana nutse cikin itace mintuna da dama ba hutu. Shi ya sa injin ke da ɗan maɓalli na ƙara mai da hannu bayan famfon da ke aiki da kansa. A irin wannan aiki danƙo ba ado ba ne, kuma man girki tsantsa yana gazawa. Alamun a bayyane suke: hayaƙi daga cikin yankan, gefen allo ya yi shuɗi, sarƙa ta yi ta sakewa ana ɗaurewa.

Da a ce zaɓin tsakanin waɗannan biyun ne kawai, da an gama magana. Amma gorar nan da ke bayan babur ba man gyaɗa ne a ciki ba, ba kuma man sarƙa na kanti ba. Baƙin mai ne na juye, wanda aka tsiyayo daga tirela ko bas ko babur ko janareta a gareji. Jega mahaɗa ce, hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kontagora ta ratsa ta, ga ta Birnin Kebbi, don haka gareji da juye ba sa yankewa. Afareta yana samunsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma kyauta. Man sarƙa na asali kuwa ba kowane kanti ke ajiye shi ba, domin ba a tambayarsa.

Hujjar afaretoci ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Za ka ji ana cewa, "Maigida, mai ai mai ne, tunda zubewa zai yi a ƙasa, don me zan sayi sabo?" Za su ƙara da cewa a hannun ubangidansu suka ga ana yi, kuma injin yana nan yana aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya riɓanya, kayan gyara sun bi dala sun hau, mai bishiya kuma ba ya son a ƙara masa ko kwabo. A irin wannan hali a ce wa mutum ya sayi man da iyalinsa ke auna wa da murfin kwalba a miya ya watsa a jeji, zai ga kamar raini ne. Wasu ma suna ganin baƙin man alheri ne ga katako, tunda kafintoci na shafa shi a katakon rufi don gara.

Sai dai lissafin arahar bai cika ba. Man juye ya riga ya gama aikinsa. Yana ɗauke da baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfen da ya goge daga injin da ya fito, sau da yawa fetur ko gas ya tsinka shi, ba shi da danƙo ko kaɗan, kuma bahon da aka tara shi a gareji ba ya rasa yashi. Wannan cakuɗa ce ake turawa ta cikin famfon da fistansa bai kai kaurin fensir ba, sannan ta shiga tsakanin sarƙa da allo tana gurza. Famfo ya mutu da wuri, kwarin allo ya buɗe har sarƙa ta riƙa karkacewa, yanka ya riƙa fita a karkace, katako ya faɗi daraja. Afareta yana ɗora laifin a kan jabun kaya na kasuwa, kuma jabun suna nan, amma wani kaso na kuɗin allo da sarƙar da yake sauyawa bashin gorar nan ne yake biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Illar man juye ga jiki ta fi wannan nauyi. Man da ya daɗe a cikin inji yana tara sinadaran da ƙonewar fetur ke haifarwa, waɗanda gwaji a kan dabbobi ya nuna suna jawo sankarar fata idan ana yawan shafarsu. Gargaɗin yana rubuce a littafin da ke zuwa cikin kwalin injin Stihl: kada a yi amfani da man juye, yawan taɓa shi na iya kawo sankarar fata, yana cutar da muhalli, kuma ba ya shafa sarƙa yadda ya kamata. Bakanike yana taɓa man ne ya wanke hannu. Afareta yana tsaye cikin feshinsa yini guda, cikin zufa, da singileti, ba safar hannu ba takunkumi, yaronsa yana gefe yana kwashe garin katako da hannu, in azahar ta yi a goge hannu a wando a ci abinci.

Sai ƙasar da man ke sauka a kai. Arzikin wannan yanki a ƙasa da ruwa yake. Albasar Aliero ta yi suna har ƙetaren Nijeriya, fadamar gulbin Zamfara da ta bi ta Jega tana ba da shinkafa da tattasai da attarugu, kuma ba banza ba aka zaɓi Kebbi don ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamba 2015. Noman rani a fadama ya dogara ne da rijiyoyi marasa zurfi, ruwa yana kusa da sama. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana cewa galan ɗaya na man juye na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Gaskiya ne cewa abin da inji ɗaya ke watsawa a yini ba zai kashe gona ba, kuma wanda ya ce zai kashe ya yi ƙari. Amma aikin da ake yi a bakin rijiya ko gefen tafki ko kan kwamin albasa, ruwan ban-ruwa yana wanke abin da ya zuba kai tsaye.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan kusa da baki. Garin katako ba a zubar da shi: masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi, kajin suna tsattsaga, daga baya a kwashe a kai gona a matsayin taki. Idan rani ya tsananta ana sassabo rassan gawo da marke da maɗobiya wa dabbobi. Gungumen ƙirya yana zama turmi, wani itacen ya zama akushi ko katakon mahauta. Shi ma mangwaron da aka rage wa reshe, a kan ɗanyen rauninsa baƙin man ke zama. A duk waɗannan wurare man gyaɗa ba ya barin komai sai abin da ƙasa za ta cinye cikin makonni.

Batun tsada shi ne gaskiyar da ba a kewaye ta. Nijeriya tana cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya, amma man girki bai ishe ta ba, har manja take shigowa da shi, ita da ta fi kowa samar da shi a farkon shekarun 1960. Ba mai hankalin da zai ce a juya man miya zuwa injunan sare itace na ƙasa baki ɗaya. Sai dai kuma aikin lambu ba duro yake ci ba. Rage rassan mangwaro biyar ko shida da ƙaramin inji bai wuce cikon tanki biyu ko uku ba, abin da bai kai lita guda ba. Mai lambun da ya iya biyan kuɗin aiki da na fetur zai iya wannan.

Wasu na ba da shawarar tsohon man suya. A nan masu ƙosai da awara da kifi ba su cika zubar da mai ba, ƙara sabo suke yi a kan tsoho har ya yi baƙi. Man da ya kai haka ya fi dacewa da sarƙa a kan cikin mutum, in an bar shi ya kwanta aka tace da ƙyalle mai kauri. Amma da yake wuta ta riga ta ci shi, ya fi sabo saurin danƙarewa, ga gishiri da ɗan ruwa da ke jawo tsatsa. Na aikin yini ne, a juye ragowar da yamma.

Inda ake da fili sosai shi ne mayukan da ba a ci. Dogon yaro, wanda aka shigo da shi Nijeriya ta Borno a 1928, yanzu ya cika kowace unguwa da makaranta da bakin hanya a Kebbi, 'ya'yansa suna zuba ana sharewa, alhali ƙwallonsu cike yake da mai mai kauri da ɗaci, wanda ƙwari ke gudu. Zurma tana fitowa da kanta a juji da bakin rafi, kuma manta ya ninka na gyaɗa kauri wajen sau shida a digiri 40. Daga sunanta na Turanci kamfanin Castrol ya samo nasa, kuma da manta aka shafa injunan jiragen sama da dama a yaƙin duniya na farko. Ga bini-da-zugu da ake shinge da shi, ga ɗanyen man angurya wanda ba a ci sai an tace. Cakuɗa ɗaya daga cikinsu da ɗan man zurma don kauri abu ne da ɗakin gwaji zai iya aunawa: kauri a digiri 40 da 100, saurin danƙarewa, yawan cin allo bayan awa kaza na aiki. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo, tana ƙaramar hukuma ɗaya da Sabiyal, tana da sashen injiniya da na noma. Aikin ɗalibin shekarar ƙarshe ne, kuma sakamakonsa zai iya zama sana'a ga matan da dama can suka iya tatsar mai.

Kada dai zancen mai ya rufe na bishiyar. Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, daga nan ma layin Nijeriya ya faro ya nufi Borno, kuma maɗobiya ta sha sara har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji tun 1998, ko da yake ba a daina ba. Ƙiryar da ta shekara hamsin, ko da man zaitun aka shafa wa sarƙar da ta kayar da ita, ta faɗi.

Idan aka tattara hujjojin, hukuncin ba shi da wuya. A lambu da fadama, kusa da rijiya ko tafki, a kan bishiya mai 'ya'ya, a kan ganyen dabbobi da itacen da zai taɓa abinci, man gyaɗa na gaskiya ya fi, musamman da ƙaramin inji, da sharaɗin a juye shi a zagaya sabon man inji kaɗan a cikin famfo kafin a ajiye injin na tsawon lokaci. A tsagar katako ta yini guda da babban inji cikin zafin bazara, man sarƙa mai danƙo ne daidai, in babu shi sabon man inji mai lamba 40 ya fi komai kusa, ko da yake zai fi saurin ƙarewa. Kowanne aka zuba, gwajin ɗaya ne: a saita bakin allo kusa da kututture mai haske ba tare da ya taɓa ba, a ba inji wuta na ɗan lokaci, a ga siririn layin mai ya bayyana. In bai bayyana ba, a kashe a duba rami da kwari da famfo. Man juye kuwa ba shi da gurbi a ko ɗaya.

Afareta ba zai sauya gora don an yi masa wa'azi ba, tunda shi ake bari da kuɗin. Mai bishiya ne ke da wuƙa da nama. Idan za ka kira mai inji lambunka, ka sa batun mai cikin ciniki tun farko, ka ce a buɗe gorar ka gani, in baƙin juye ne ka kawo kwalbar man gyaɗa daga gida a wanke tanki a zuba kafin a ja igiya.